Masa Huɗu Naira 12,000: Ranar Da Na Kai Hajiya Gidan Abincin Manya

  

Na yi muku alkawarin za mu ci gaba da maganar shirin komawar yara makaranta, to amma ku yi mini uzuri. Wani abu ya faru da ni ranar Asabar ɗin da ta wuce wanda har yanzu yake yi mini yawo a rai, na ga gara na kawo shi nan mu tattauna tun da zafinsa.

'Yar farina ce ta samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero. Babanta ya tambaye ta me take so a yi mata, ta ce ita dai a kai ta wani sabon gidan abinci da aka buɗe a Nassarawa GRA, wanda hotunansa suka cika Instagram da TikTok. Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin ba talla na zo yi ba, ban kuma zo ɓata wa kowa kasuwa ba. Tafiya ta kama babansu zuwa Abuja, sai ya turo kuɗi ya ce mu je. Ni kuma na kafa sharaɗi ɗaya: da Hajiya za a tafi.

Tsofaffin masu bibiyar wannan fili sun san Hajiya, mahaifiyata. Ga sababbi kuwa, Hajiya ta kusa shekara talatin tana tuyar waina a tsakar gidanmu a cikin birni. Tun da asuba take hura wuta ta ɗora tanda, yara na shigowa da kwanuka, mu kuma muna miƙa wa manya nasu a soro. Bayan rasuwar mahaifinmu da kuɗin wainar nan muka yi karatu, da shi aka yi mini kayan ɗaki. In har jikarta ta kai jami'a, to daga bakin tandar nan hanyar ta taso. Shi ya sa na ce ba za a ci daɗin ranar babu ita ba.

Da ƙyar ta yarda. Cewa ta yi, "Ni da tuwona yake a kula, me zai kai ni cin abincin sayarwa?" Sai da jikar ta je da kanta ta yi ta magiya, sannan ta ce, "To, saboda kishiyar nan tawa zan je, kada ta ce na yi mata baƙin ciki." Ta ɗauko atamfarta ta zuwa biki, ta yafa babban mayafi, ta shafa turare. Mu huɗu muka tafi: ni, Hajiya, mai gayya, da autana ɗan shekara shida.

Daga bakin ƙofa

Gaskiya wuri ya yi kyau, ba zan rage musu komai ba. Wajen ƙarfe biyar muka isa. Muna tura ƙofar gilashi sanyin esi da ƙamshin turaren wuta suka tare mu. Abin da ya fara ɗaukar idon Hajiya shi ne bango. An jera faya-fayai masu launi da ƙore masu zane, har da akushi da ludayin duma a cikin akwatin gilashi an haska musu fitila. Ta tsaya ta ƙare musu kallo ta ce, "Ikon Allah. Abin da muka zubar shi suka tsince suka rataye."

Saurayin da ke tarbar baƙi yana sanye da baƙar kwat. Ya dube mu daga sama har ƙasa, irin kallon nan da kowace mace ta san ma'anarsa, sannan ya tambaya da Turanci ko mun kama tebur. Na amsa masa da Hausa cewa ba mu kama ba. Ya ci gaba da Turancinsa, alhali daga baya na ji shi yana zuba Hausa garau da abokin aikinsa. Akwai tebura uku a jikin taga babu kowa, babu kuma wata alama a kansu cewa an kama su. Ya wuce su da mu, ya kai mu can lungu kusa da ƙofar kicin, daidai saitin esi. Ba mu yi minti goma da zama ba wani mutum ya shigo da matarsa. Da kunnena na ji ya ce su ma ba su kama tebur ba, amma jikin taga aka kai su, har da ja musu kujera.

Na haɗiye, saboda ranar yarinyar ce. Muka yi minti ashirin babu wanda ya ce mana sannu, babu ko ruwa. Auta ya fara buga cokula, Hajiya ta ƙara jan mayafinta saboda sanyi. A gidanta baƙo ko na minti biyar ne sai ya ga kwanon sha a gabansa kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Ba ta ce komai ba, amma na ga tana bin masu sabis da ido duk wanda ya gifta.

Masa huɗu

Da aka kawo menu, kaf da Turanci yake, har abincinmu na gida an yi masa dogon suna. Ina karanta wa Hajiya ina fassarawa, sai muka zo kan masa da miyar taushe da naman rago. Ta ce ita za ta ci, ta ga yadda 'yan zamani suke yin tasu. Ta tambayi kuɗin, na so na ɓoye, auta da ya fara iya karanta lambobi ya riga ni: naira 12,000.

"Tandar gaba ɗaya?" in ji Hajiya.

Na ce faranti ɗaya.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Da na san haka masa za ta yi daraja, da ban ajiye tuya ba." Ni da auta muka yi dariya. Mai gayya kuwa murmushin yaƙe ta yi, ta waiga ta dubi teburin da ke kusa da mu. Na lura, amma ban ba abin muhimmanci ba.

Bari na faɗi gaskiya a kan abincin, don masu son zuwa. Ni gasasshen kifi na ci da dankali, kuma ya yi: ya gasu har ciki bai bushe ba, yaji daidai. Taliyar da yarinyar ta zaɓa da kaza ta ce ta yi mata daɗi. Zoɓonsu ya ji citta da kanumfari, ba a cika masa sukari ba. Miyar taushe ta ji kabewa da gyaɗa, naman ya yi laushi. Masa kuwa guda huɗu ce ƙanana, an jera su a dogon faranti an yaryaɗa musu wani koren abu a gefe. An ɗauki kusan minti arba'in kafin a kawo, kuma na auta ne ya zo ƙarshe, abin da duk uwa ta san kuskure ne.

Ruwan wanke hannu

A nan ne abin ya faru. Hajiya ta dubi wuƙa da cokali mai yatsu da aka naɗe mata a ƙyalle, ta ture su gefe, ta ce da saurayin da ya kawo abincin, "Ɗan nan, a taimaka mini da ruwan wanke hannu." Ya nuna mata cokulan, ya ce wai ga su nan, in kuma hannu take son wankewa banɗaki yana can ƙarshen falo. Ya juya ya tafi. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, tashi daga kujerar nan zuwa ƙarshen falo aiki ne.

Kafin na buɗe baki sai na ji 'yata ta sunkuya ta ce a hankali, "Hajiya, don Allah, a nan da cokali ake ci. Mutane suna kallonmu."

'Yan uwa, kun san wasan jika da kaka. Waɗannan biyun kullum cikin tsokanar juna suke, Hajiya ta ce mata kishiya, ita ta ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Amma wannan ba muryar wasa ba ce, kuma Hajiya ta gane. Ta janye hannunta daga kan tebur ta mayar cikin mayafi. Ta ce, "To. Ku ci, ni dama ba yunwa nake ji ba."

Wallahi kifin da ke bakina ya koma mini kamar dusa. Ga uwa, ga 'ya, ga idon mutane. In na yi wa yarinyar faɗa a wurin na ɓata mata ranar da aka fito dominta, na kuma ƙara jawo idon da take tsoro. In na yi shiru na bar mahaifiyata da wannan. Na rasa ta cewa.

Wata yarinya ce ta fitar da ni. Cikin masu sabis take, ba ma ita ke kula da teburinmu ba, fitowa ta yi daga kicin da tire ta ga abin da ke gudana. Ta je ta sauke tirenta, sai ga ta ta dawo da roba da jug na ruwan ɗumi, da sabulu, da ƙaramin tawul a kafaɗa. Ta rusuna a gefen Hajiya ta ce, "Mama, ina wuni? Sannunku da zuwa. A yi haƙuri, ga ruwa. Ai masa ba ta daɗi da cokali."

Ta zuba mata ta wanke, ta miƙa tawul. Ta lura da yadda Hajiya ta ƙudundune, ta je ta sa aka karkatar da iskar esi daga kanmu. Ta tambaya ko a kawo man shanu da yaji, ta kawo a 'yan ƙananan kwanuka. Sannan ta juyo wurina ta ce, "Anti, ke ma a kawo miki? Kifi sai da hannu." Na ce kawo, 'yar albarka. Na ajiye cokali mai yatsun da nake ta kokawa da ƙaya da shi, na wanke hannuna. Auta dama shi tuni ya yi gaba.

Hajiya ta yi bismillah ta gutsiri masa. Ta tauna, ta yi shiru, sannan ta ce da yarinyar, "Miyarku ta yi. Amma ki gaya wa mai tuyar, ƙullun nan bai tashi ba. Garaje aka yi masa, aka cika yis da sukari. Ƙullu kwana yake so. Kuma a riƙa dafa wata 'yar shinkafa a zuba a ciki kafin a kai markaɗe, ita ke sa laushi." Yarinyar ta ce za ta faɗa, kuma ta shiga kicin ɗin a gabanmu. Ko sun ɗauka ko ba su ɗauka ba, wannan tsakaninsu da masu cin masarsu.

Da ta dawo Hajiya ta tambaye ta 'yar wace unguwa ce, su waye iyayenta, irin tambayoyin tsofaffi. Ashe ɗaliba ce, da safe tana makaranta, daga azahar zuwa dare tana nan a tsaye. Hajiya ta cinye masarta huɗu tas, ta sa mata albarka.

Abin da na tsaya ina tunani shi ne, yarinyar nan ba ta ƙara wa abincin gishiri ba, ba ta rage mana ko kwabo ba. Ruwa ta kawo, ta gaishe da babba yadda ake gaishe da babba, ta duba ta ga me mutumin da ke gabanta yake bukata. Da shi da ita horo ɗaya aka ba su a wurin, riga iri ɗaya suka saka. Shi ya haddace ta wane gefe ake ajiye wuƙa, ita kuwa ta zo da abin da aka koya mata a gidansu. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to ranar na ga tabarma mai tsada, na kuma ga wadda ta san shimfiɗar fuska.

Kuma a daina ɗaukar cin abinci da hannu a matsayin ƙauyanci. A Habasha da hannu ake cin injera komai girman gidan abinci. Indiyawa da Larabawa da hannu suke cin abincinsu na gargajiya, ba sa neman afuwar kowa. Mu kuma addininmu ya koya mana ladubbansa: a wanke hannu, a ambaci sunan Allah, a ci da dama, a ci na gabanka, kada a kushe abinci. Gidan abincin da zai rataye faifai da akushi a bango, ya sayar da masa da tuwo, ya kamata a ce ruwan wanke hannu yana zuwa tare da farantin ba sai an roƙa ba.

Lissafin rasit

Yanzu mu zo ga aljihu, domin na san da yawa ita kuke jira. Masar Hajiya 12,000. Kifina 18,000. Taliya da kaza 14,000. Soyayyen dankali da kaza na auta 8,000. Zoɓo kofi biyu 4,000, ruwan gora biyu 2,000. Jimla naira 58,000, kuma ita na lissafa a kaina tun ina kallon menu.

Da rasit ya zo sai na ga 68,150. A ƙasa an ƙara layi biyu: harajin VAT 4,350, da kuɗin sabis 5,800. Na sake duba menu, ashe an rubuta a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe cewa farashin bai haɗa da su ba.

Ya kamata mu san bambancin waɗannan biyun. VAT harajin gwamnati ne, kashi 7.5 cikin ɗari, tun watan Fabrairun 2020 da aka ɗaga shi daga kashi 5. Ɗanyen kayan abinci irin shinkafa da wake da kike saya a kasuwa ba a ɗora musu shi, amma abincin da aka dafa aka sayar miki a gidan abinci ko otal ana ɗorawa. Kuɗin sabis kuwa, wanda a wurin kashi 10 ne, ba na gwamnati ba ne. Masu wurin ne suke sa shi, su ne kuma suke yanke yadda za a yi da shi.

Na riƙe rasit ɗin ina kallo, sai na tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, tun da aka sa hannu a dokar a watan Yulin 2024. Ke nan a zama ɗaya mun ci abin da ya kusa albashin wani magidanci na wata guda. Ban faɗi haka don a ji haushin masu zuwa irin waɗannan wurare ba, ni ma ai na je. Na faɗa ne don mu san nauyin abin da muke kashewa, mu kuma tuna wadda take tsaye a kanmu da tire wataƙila abin da muka biya ya kai ko ya fi abin da take ɗauka a wata.

Shin cuta ce? A ganina ba cuta ba ce, matuƙar an bayyana farashi. Ba shinkafa da mai kaɗai kike biya ba. Kina biyan hayar gini a GRA, da man janareta, da gas, da albashin kuku da masu sabis da masu gadi. Kuɗin wutar masu layin Band A kaɗai an ninka shi fiye da sau uku a watan Afrilun 2024, kuma esi ba ya aiki da fatan alheri. Wanda yake son masa mai araha ya san inda ake samunta, kuma sau da yawa ta fi daɗi. Abin da ya kai mutum irin wannan wuri shi ne a zaunar da shi cikin natsuwa a karrama shi da iyalinsa. To in karramawar ce aka saya, sai kuma aka auna ta da irin mayafin da aka shigo da shi, a nan ne aka tauye mudu.

Na nemi ganin manaja. Ban ɗaga murya ba, ban kuma yi a gaban ma'aikatansa ba. Na gaya masa abu uku: yadda aka zaɓa mana wurin zama, minti ashirin babu ruwa, da maganar wanke hannu. Na kuma gaya masa yana da yarinya guda da ya kamata ya riƙe da kyau. Ya saurare ni, ya ba da haƙuri, ya ce yawancin yaran sababbi ne. Da na tambaye shi ko kuɗin sabis yana isa hannunsu, sai ya ce akwai tsarin da suke bi. Amsar ba ta gamsar da ni ba, don haka na ba yarinyar nata a hannu. Hajiya ma ta buɗe jakarta ta zaro naira 1,000. Yarinyar ta ƙi karɓa, Hajiya ta ce, "Ungo nan, ba kuɗin aiki ba ne. Kaka ba ta miƙa hannu a mayar mata."

Hirar cikin mota

Sai da muka sauke Hajiya a gida, auta ya yi barci a baya, sannan na tambayi 'yata me ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Na zaci gardama za ta yi. Sai ta ce, "Umma, 'yan matan teburin can suna ta ɗaukar bidiyo. Na ji tsoron kada su ɗauke mu su saka, a yi ta yi mana dariya."

Jikina ya yi sanyi. Mu a zamaninmu in ka yi abin kunya, waɗanda ke wurin ne kawai suka gani. Su yanzu kowane tebur da waya a sama, yarinya tana cin abinci tana tunanin mutum dubu da ba ta sani ba. Wannan bai wanke ta ba, amma ya sa na fahimci inda tsoron ya fito.

Sannan na dubi kaina. Sau nawa na ce musu, "Kada ku ba ni kunya a gaban mutane," in za mu gidan wasu masu hali? Sau nawa na ce wa abu ƙauyanci a gabansu, ina dariya? Ni na koya mata riƙe cokali mai yatsu, na kuma ji daɗi da ta iya. Abin da ban koya mata ba shi ne iya riƙe shi ba ya ɗaga mutum sama da wanda bai damu da shi ba. Ta san kakarta ta yi sana'ar waina, amma ban taɓa zama na ba ta labarin dalla-dalla ba: tashin asuba, hayaƙin itace, tabon mai da ke bayan hannun Hajiya na dama, ranar da aka kore ni daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa ta juye asusunta gaba ɗaya. A motar nan na ba ta, a ƙofar gida, injin a kashe. Ta yi kuka, ni ma na yi.

Washegari ta ce na kai ta cikin birni. Ta durƙusa ta ba Hajiya haƙuri. Hajiya ta dube ta ta ce, "Wace magana kuma? Ni masar nan da ba ta tashi ba kawai nake tunawa." Sannan ta ce tunda ta zo ta tashi ta wanke shinkafa ta jiƙa, gobe za ta nuna mata yadda ake yin ta gaske, kada ta je jami'a ta riƙa sayen huɗu dubu sha biyu.

Kafin ki je

Ga 'yan abubuwan da na koya, ko za su amfani wata.

Ki kira ki kama tebur tun kafin ku tafi, ki faɗi cewa akwai tsohuwa ko ƙananan yara, a ba ku inda babu matakala kuma ba saitin esi ba. In aka zaunar da ku inda bai yi muku ba, ki nemi a canza cikin ladabi. Ni shirun da na yi a farko kuskure ne.

Ki duba ƙasan menu, ko ki tambaya kai tsaye: farashin nan ya haɗa da haraji da kuɗin sabis? In bai haɗa ba, ki ƙara kusan kashi ɗaya cikin biyar a kan lissafinki. Ki karanta rasit layi-layi kafin ki miƙa kati, babu kunya a ciki.

Ki ce a fara kawo na yara. Kuma kada ki fita da su da yunwa sosai, domin irin waɗannan wurare sai an yi oda ake ɗora tukunya.

In akwai wanda gyaɗa ko kifi ko madara ba sa karɓarsa, ki faɗa tun farko. Miyar taushe da yajin tsire duk akwai gyaɗa a ciki. In kuma abincin ƙasashen waje ne da ba ki sani ba, musamman in kun yi tafiya wani gari, ki tambayi abin da aka haɗa shi da shi, domin akwai miyar da ake dafawa da giya.

In lokacin salla zai riske ku, ki tambayi wurin salla na mata tun kuna shiga.

Abin da ya rage a sa muku a roba ku tafi da shi. Kuɗinku ne, kuma barin sa a zubar almubazzaranci ne.

Ki gaishe da mai kawo miki abinci, ki sa yaranki su ce sannu, su ce mun gode. Kada a kira ta da tafi ko da "ke!" 'Yar wasu ce ta fito neman halal. Yadda muke son a dube mu da mutunci, su ma haka suke so, kuma yaranmu suna kallon yadda muke yi da su.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka: kafin ku fita, ki gaya wa yaranki cewa babu wurin da kakarsu za ta shiga ta zama abin ɓoyewa.

Wata za ta tambaya ko zan koma. Zan iya komawa, don kifin ya yi, manajan kuma ya saurare ni. Amma in na je zan tambayi teburin da yarinyar nan take kula da shi.

To iyayen gida, ku fa? Wace ta taɓa shiga wuri aka auna ta da ido kafin a gaishe ta, kuma yaya ta yi? Wace ɗanta ko 'yarta ya taɓa jin kunyar wani nata a gaban mutane, ta yaya ta ɓullo wa abin? Masu gidajen abinci da masu aiki a cikinsu, ku ma muna son jin ta bakinku, musamman a kan kuɗin sabis ɗin nan. Ku ajiye ra'ayinku a ƙasa, ina karantawa duka, zan kuma zaɓo wasu mu duba tare.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu koma kan maganar makaranta.